Ƙwandalar Cikin Jakar Yaya Habibu

Litinin: Funtua zuwa Kano

Ana kiran assalatu na rataya jakata, ƙarfe biyar saura kwata. Na leƙa ɗakin Inna na same ta zaune a kan buzu, carbi a hannu, kumburarrun ƙafafunta miƙe a gabanta. Na durƙusa na ce, "Inna, zan kama hanya."

Ta ce, "Nasiru, ka ɗauki abin?"

Na dafa aljihun ƙirjina na ce yana nan.

"To, ka tambayo mini gaskiyar yayanka. Yadda ka same ta haka za ka kawo mini, kada ka rage komai don kana tausayina."

Ba ta ambaci sunansa ba. Ɗanta na fari ne, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Habibu ya fito daga bakinta ba, sai dai "yayanku".

Bari in faɗi abin da ya fitar da ni, mai kemis da ko Kaduna bai cika zuwa ba. Yaya Habibu direba ne a Doha, shekara shida. A zafin farko na korona aka bugo mana cewa ya rasu a asibiti, an binne shi a can. Bayan wata huɗu jakarsa ta iso, ni na buɗe ta a zaure, gaban Baffa Liman, ƙanen mahaifinmu kuma limamin unguwarmu, da mutane kusan goma. Riguna ne da turare da agogo, sai wani ɗan ƙulli ɗinke cikin fata kamar laya. Da na yi hankali na jefa shi aljihu, da ba a kai ga wannan labari ba. Amma ni da rawar kai, na sa reza na farke. Wata 'yar ƙwandala ta faɗo, ta azurfa, ta yi baƙi-baƙi, ba ta kai farcen ƙaramin yatsana ba. Gefe ɗaya kan mutum ne, ɗaya gefen gicciye da ɗigo huɗu. Kuma bakina ne ya fara cewa, "Kai! Wannan ai kuros ne!"

Nan take wani ya tuna Yaya ya taɓa faɗa a waya cewa duk Juma'a yana kai maigidansa Bature coci. Shi ke nan, magana ta haɗu. Baffa ya ce mutum ba ya ɗinke gicciye a fata ya riƙa yawo da shi a banza, don haka a dakata da yi masa addu'a, tunda ba a nema wa wanda ya mutu a kan wani addini gafara. Na nuna takardar da ta ce a maƙabartar Musulmi aka sa shi, ya ce sunan fasfo suka duba, ba zuciya ba. A makon nan wata lambar ƙasar waje ta kira ni har sau uku, muryar Bature ce tana ambaton Habibu. Na ce mutanen cocin ne suka biyo sawu, na zage shi da ɗan Turancin da na iya, na toshe lambar.

Sama da shekara biyu ke nan Inna tana idar da salla, ta yi wa mahaifinmu addu'a, ta yi wa iyayenta, in ta zo kan ɗanta sai ta yi shiru ta shafa. Ina jin shirun nan daga tsakar gida, wallahi ya fi mini kuka ciwo. Yanzu ga ƙoda ta kama ta, ni kuma mai sayar da magani ne, na san abin da kumburin nan yake nufi. Shi ya sa na sayar da babur ɗina da rabin kayan shago. Ina so ta iya ɗaga hannu ta roƙa wa ɗanta gafara kafin ta bi shi.

A tasha sai da muka jira gari ya waye tangaran, don babu direban da zai shiga hanyar Malumfashi da duhu saboda 'yan bindiga. Muka tashi bakwai saura, mu shida a ƙaramar mota. Shinge tara na ƙirga kafin Gwarzo. A na biyar wani jami'i ya leƙo ya ga fasfo a hannuna.

"Malam, ina zuwa?"

Direba ya riga ni: "Kallon ƙwallo za shi Katar, yallaɓai. Manya ke nan!"

Aka yi dariya, na ƙyale su. Gaskiya ce ta wani ɓangaren, domin a lokacin gasar cin kofin duniya ba a shiga ƙasar sai da katin 'yan kallo, shi kuma sai ka sayi tikitin wasa. Na sayi mafi araha, na wasan da har yau ban san wa ya ci ba.

Mun shiga Kano goma da rabi. A filin jirgi, wajen bincike, na zube kayan aljihuna a faranti, wata jami'a ta ɗaga ƙwandalar tana juyawa.

"Mene ne wannan?"

"Tsohon kuɗi ne, ranki ya daɗe."

"Na wace ƙasa?"

"Abin da zan je tambaya ke nan."

Ta dube ni kamar mai taɓin hankali, ta miƙo mini. Jirgi ya tashi bayan la'asar, ya tsaya Abuja ya ƙara mutane.

Talata: Al Muntazah

Mun sauka Doha da hantsi. Ko'ina tutoci, ko'ina kiɗa, mutane sun shafa fenti a fuska suna tsalle. Ban taɓa jin haushin farin cikin wasu kamar ranar ba, Allah ya yafe mini.

Masaukina wajen Sa'idu ne, ɗan garinmu, abokin Yaya tun na yarinta, yana aikin gadi. Ɗakinsu a Al Muntazah yake, bayan wani shagon gyaran waya, hawa na uku. Su takwas ne a ɗaki ɗaya, gadaje masu hawa biyu, takalma jibge a ƙofa. Aka ba ni gadon wani Bazazzagi da yake aikin dare, da sharaɗin in tashi kafin ya dawo. Sa'idu ya kai ni wani ɗan gidan abinci na Indiyawa, muka ci waina mai mai da suke kira farata, da shayin madara mai kauri, karak, kofi riyal ɗaya. Ban jira ya gama ba na ajiye ƙwandalar a gabansa.

"Sa'idu, don girman Allah, Yaya ya bar addini?"

Ya daɗe yana kallonta. "Nasiru, in na ce maka na sani na yi ƙarya. Wata uku na ƙarshe ban sa shi a ido ba. Mu an rufe mu a sansanin ma'aikata, ba shiga ba fita, shi kuma yana gidan Baturen."

"Amma yana zuwa coci?"

"Yana kai shi dai. Ban taɓa bin su ba."

Raina ya ɓaci. Na taso tun daga Funtua don in ji "ban sani ba"? Na faɗa masa haka, har na ɗaga murya. Bai yi fushi ba. Ya ce a kwanakin nan in zazzaɓi ya kama mutum, mota ce take zuwa ta ɗauke shi, masu ɗaukar sun rufe jiki ruf ba ka ganin ko idonsu. Wani ya dawo, wani sai dai ka ga an naɗe katifarsa. Ya ce shi da kansa sai bayan kwana huɗu ya ji Habibu ya rasu, daga bakin wani direba. Ya ce, "Ba wanda ya san halin wani a lokacin, kowa numfashinsa yake ƙirgawa. Amma na san gidan Baturen, yana Al Aziziya. In bai koma ƙasarsu ba, gobe ka je."

Laraba: Al Aziziya

Na fita ƙarfe takwas. Motar haya zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, daga nan jirgi har ƙarshen layi, minti ashirin da wani abu, kyauta ga mai katin 'yan kallo. Taragon cike da masu waƙa, wani ya ɗora mini hular ƙasarsu a ka, na cire na miƙa masa. Daga tasha na taka na kwata guda cikin unguwa mai dogayen katangu, tsit kamar ba mutane.

Mai gadin rukunin gidajen ɗan Nepal ne. Da na ambaci Habibu sai ya miƙe tsaye, ya ce, "Direba? Mai ba mu dabino?" Ya buga waya ciki, ya ce mini, "Yalla, shiga, gida na huɗu."

Wani dogon tsoho ya buɗe ƙofa, fari fat, yana dogara sanda, robar iska maƙale a hancinsa. Falon duk kwalaye ne a ɗaure. Ya ce sunansa Yelle, amma Habibu Baba yake ce masa. Injiniya ne na masu cike bakin teku da yashi, ya yi ritaya, sati biyu ya rage ya tafi gida gaba ɗaya. Da na makara kaɗan da ban same shi ba. Da Turanci muka yi magana, yana yi a hankali don in gane, yana tsayawa ya ja numfashi.

Ban zauna ba na buɗe tafin hannuna. Ya dubi ƙwandalar, sai ya nemi kujera ya zauna.

Na ce, "Wannan alamar cocinku ce? Kai ka shigar da yayana addininku?"

Ya ce, "Me?"

Na kwashe labari duka na faɗa masa, har shirun Inna. Tsohon nan ya rufe fuska da hannu biyu. Da ya buɗe ya ce, "Wannan kuɗi ne. Kuɗin kasuwa ne kawai. Zauna in gaya maka."

Ya ce shi mutumin Firislan ne, can arewacin Holan, bakin teku. Ƙasarsu shimfiɗe take, ruwa yana hawowa ya cinye ta, don haka mutanen da suka riƙa tara laka da kashin shanu suna yin tudu, su gina gidaje a kai. In teku ta cika, kowane ƙauye sai ya zama tsibiri. Noma ba ya isar su, sai suka zama fatake na jirgin ruwa, suna kai tufafin ulu da tukwane da sauran kaya Ingila da ƙasashen arewa, har bayi sun yi fatauci, bai ɓoye ba. Fatake kuwa suna buƙatar ƙananan kuɗi masu yawa, shi ne suka riƙa buga irin wannan da azurfa. Ya ce tawa ta haura shekara dubu da ɗari uku. Na lissafa a raina, ashe lokacin Hijira ba ta ma cika shekara ɗari ba.

Na ce, "To gicciyen fa?"

Ya ɗauko gilashin ƙara girma ya ba ni. "Dubi rubutun da ya kewaye shi. Karanta."

Na duba. Wasu 'yan sanduna ne da ƙugiyoyi, ba su ce komai ba.

"Ba wanda zai iya karantawa, don ba rubutu ba ne. Maƙerin bai iya karatu ba. Kuɗin maƙwabtansu na kudu ya gani, waɗanda suke Kiristoci kuma kuɗinsu yake da daraja a kasuwa, sai ya kwaikwaya yadda yake, da kan mutumin da gicciyen da rubutun, don a karɓa. Ba sunan sarki a kai, ba sunan gari. Yawancin mutanen da suka buga wannan ba su taɓa shiga coci ba, gumakansu suke bauta wa. Ana ma ba da labarin sarkinsu na lokacin, wai har ya sa ƙafa ɗaya cikin ruwan baftisma ya fasa, ya janye."

Wato ko wanda ya zana gicciyen bai ɗauke shi addini ba, mu ne a zauren Funtua muka ɗauka.

Ya ce daga baya manoma suka gane ƙasar tuddan nan taki ce, aka riƙa haƙa ana sayarwa. Kakansa yana cikin masu haƙar, shi ya tsinci wannan a bakin shebur, ya ba ɗansa, ɗan ya ba shi. Shekara arba'in tana cikin walat ɗinsa duk ƙasar da aiki ya kai shi.

"To me ya sa ka ba direba?"

Ina jin injin iskarsa yana huci. Ya ce cutar ta kama shi lokacin da aka rufe filayen jirgi, matarsa tana Holan ba ta iya zuwa. Mai aikin gida ta gudu. Kamfanin da yake kafil ɗin Habibu, wato mai riƙe da takardun zamansa, ya ce ya koma sansani, Habibu ya ƙi. Kwana goma sha shida yana juya shi, yana goge shi, yana dama masa wani abu mai tsami da ya ce sunansa kunu. Ranar da ya iya miƙewa ya rasa abin da zai ba shi, kuɗi Habibu ya ƙi karɓa, sai ya ba shi wannan. Habibu ya yi dariya ya ce abin ya yi ƙanƙanta, zai ɓata, bari ya ɗinke shi a fata yadda ake yi a gida, ya kai wa 'yarsa ta ga kuɗin mutanen da. Bayan kwana biyar zazzaɓi ya kama Habibu.

"Abu biyu na ba shi," in ji tsohon. "Wannan, da cutar da ta kashe shi."

Na tambayi zancen coci. Ya ce duk Juma'a da safe Habibu yana kai shi, ya zauna a mota yana sauraron karatu. In an tashi, shi kuma ya zauna a motar a ƙofar masallaci har Habibu ya idar da Juma'a. "Shekara huɗu ina jiransa a ƙofar masallaci, ba wanda ya ce na musulunta."

Ya sa na buɗe wani kwali, ya zaro ƙaramin akwati. Ya ɗauko rabin wata ƙwandala mai faɗi, siririya, an yanke ta da wuƙa. Rubutun Larabci ne a kai, irin mai kusurwa, kusan irin na allo. Ban sha wuya ba na karanta: la'ilaha illallahu wahdahu. Ya ce dirhami ne na daular Musulunci. Irinsa ya bi hannun fatake da mayaƙan ruwa na arewa har ya kai ƙasarsu, an sha tono su a can cikin tukwane. Wannan a wajen dillali ya saya. Ya ce, "Kai wa malamin naku. Shekara ashirin tana hannuna, kuma jibi zan je coci."

Har na kai ƙofa ya ce, "Akwai saƙo. Wata nas 'yar ƙasarku tana tare da shi da ya cika, ta ba ni saƙo zuwa ga mahaifiyarsa. Na samo lambar ƙanensa a wajen kamfani, na kira sau uku. Wani ya zage ni ya kashe."

Na ce, "Ni ne."

Ya dube ni kawai. Da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya rubuta mini lambar nas ɗin a bayan wata takarda.

Alhamis: Corniche

Sista Rahila ta ce in same ta a bakin teku bayan la'asar, in ta tashi aiki. An hana motoci bin titin saboda gasar, sai da na taka kusan rabin awa cikin cunkoso, ga kiɗa, ga masu busa ƙaho. Na same ta zaune a kan dakali kusa da inda ake ɗaure jiragen ruwa na katako. Mace ce mai kimanin shekara hamsin, 'yar kudancin Kaduna, da ƙaramin gicciye na zinariya a wuyanta. Na lura da shi, na ji kunyar lurar da na yi.

"Kai ne ƙanen Malam Habibu? Kun yi kama ta goshi. Sannu, ya haƙuri?"

Ta ce marasa lafiya sun yi yawa a lokacin har ba ta iya tuna fuskoki, amma shi ta riƙe shi, don cikin ɗakin nan duka shi kaɗai ya yi mata Hausa. Tana cikin rigar roba, fuska a rufe, ta ji yana cewa "wayyo Inna", sai ta ce masa sannu. Ya kama hannunta ya ƙi saki. Ba a barin kowa ya shiga, ba ɗan'uwa, ba malami.

"Da na ga numfashin yana tafiya, na ce a raina, mutumin nan ba zai tafi haka ba. A cikin Musulmi na girma, na san abin da ake yi. Na sunkuya na ce, Malam Habibu, la'ilaha illallah. Ya karɓa. Sau uku yana faɗi, na ji da kunnena."

Na ce, "Saƙon fa, Sista?"

Ta faɗa mini. Na zauna a ƙasa a gaban mutane ina kuka, wasu masu tuta suna raɓa ni suna wucewa. Ta bar ni na yi mai isata. Daga baya na ce ba zan iya maimaita wannan a gaban Inna ba, ta taimaka ta faɗa a wayata in ɗauka. Ta gyara zama ta faɗa. Da za mu rabu ta ce, "Ɗan'uwa, shekara biyu ina ɗauka saƙon ya isa. Me ya tsare shi?" Na ce mata ni ne.

Juma'a: maƙabarta

Sa'idu ya nemi hutun rabin yini. Wani direba Bakano ya kai mu, ƙarfe bakwai na safe, tafiyar minti ashirin da biyar zuwa bayan gari. Da zan biya ya ce, "Halas, bar shi, gaisuwar mamaci ce." Fili ne fetal, ba itace ko ɗaya, kaburbura a jere kowanne da lamba. Ma'aikacin wajen ya duba takardata ya nuna mana wani sashe can ƙarshe, ya ce duk na lokacin cutar ne. Layukan suna da tsawo ƙwarai.

Muka sami lambar. Tudun ya kwanta, ba suna, ba komai. Na tsuguna na ce, "Yaya, ni ne Nasiru." Ni ma ai sama da shekara biyu ban roƙa masa komai ba. Sa'idu ne ya ja addu'ar, ni ina amin. Da muka gama na ɗauki hoton lambar, muka wuce masallaci.

Lahadi: gida

Jirgi ya sauke mu Kano da safe, na shiga Funtua ana kiran la'asar. Ban ko ajiye jaka ba na aika a gaya wa Baffa ina roƙon ya shigo, don Inna ba ta iya fitowa zaure. Ya zo ya zauna a kujera bakin ƙofarta, ita tana ciki a kan gado. Kumburin ya hau har gwiwa.

Na durƙusa na ce, "Allah ya gafarta Malam, ga abin da na samo." Na faɗi labarin tuddai da fatake da maƙerin da bai iya karatu ba. Na ajiye ƙwandalolin biyu a kan tabarma. "Wannan mai gicciye daga jakar Musulmi ta fito. Wannan mai kalmar shahada daga akwatin Kirista."

Baffa ya ɗauki rabin dirhamin ya kai kusa da ido, leɓensa yana motsi. Sannan ya ce, "Wa ya shaida cikawarsa?"

"Wata nas ce, Baffa."

"Musulma?"

"A'a."

"To ka gani. Bature Kirista, mace Kirista. A irin wannan al'amari shaidar..."

Daga cikin ɗaki Inna ta ce, "Malam, a bar ni in ji matar." Ban taɓa jin ta katse shi ba sai ranar.

Na kunna wayar na ajiye a bakin gado. Muryar Sista Rahila ta fito, ana jin ƙahon 'yan ƙwallo a bayanta: "Mama, ina gaishe ki. Ni Kirista ce, ba zan ɓoye miki ba, amma abin da na ji zan faɗa. Ɗanki ya yi kalmar shahada sau uku, hannunsa yana cikin nawa. Kafin nan ya ce, ki gaya wa Inna ta yafe mini, ban samu na dawo ba. Ki ce ta riƙa sa ni a addu'a, don nan ba ni da kowa, addu'arta kawai nake jira."

Baffa ya ajiye dirhamin a hankali, ya ce Allah shi ne masani, ya sa takalmansa ya fita. Bai ce ya janye ba, bai kuma sake cewa a dakata ba.

Inna ta ce, "Yaushe ya ba da saƙon nan?"

"Ranar da ya rasu, Inna."

"Shi ne ba wanda ya kawo sai yau?"

Ta ce kada in rage komai, don haka ban rage ba. Na gaya mata Baturen ya kira sau uku a makon da jaka ta iso, ni na zage shi na toshe lambar. Ta dube ni har na kasa ɗaga kai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce, "A kawo mini buta."

Matata ta taimaka mata ta yi alwala a kan gado. Ta yi salla a zaune. Da ta sallame ta ɗaga hannu, muka ji da ƙarfi, har tsakar gida: "Allah ka jiƙan Habibu. Allah ka gafarta wa Habibu. Habibu, na yafe maka, kai ma ka yafe mini, na bar ka kana jira." Ƙannena mata suka fashe da kuka, don ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakinta.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni na same ta da rai. Na gode wa Sa'idu da mutanen ɗakinsu, da Bazazzagin da na kwana a gadonsa ban taɓa ganin fuskarsa ba, da Baba Yelle, da Sista Rahila, Allah ya saka musu. Ƙwandalar na kai wa 'yar Yaya, tunda ita ya yi wa niyya.

Yau wata biyu da dawowata. Inna tana nan, jiki ya ƙara nauyi, amma kowace salla sunan Habibu ba ya barin bakinta. Ni nake ba ta magani safe da yamma, tana karɓa, tana yi mini sannu. In tana nemana sai ta ce wa yara, "Ku kira mini mai kemis." Tun ranar nan ban sake jin ta ce Nasiru ba.